Dajin Baban Rafi da Tarihin Mallakar Itace a Madarunfa

Dajin Baban Rafi, wanda ke gundumar Madarunfa a kudancin jihar Maraɗi, ragowa ne na wani makeken daji da yaƙi ya tsare. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka kafa sabuwar sarauta a Maraɗi, sai ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu ta zama hanyar mahara, manoma suka takure a kwarin Gulbin Maraɗi, marke da ƙirya da taramniya da geza suka rufe tudun da ba mai iya kwana a cikinsa. Da mulkin Faransa ya kawo ƙarshen hare-haren, jama'a suka bazu da gatari, noman gyaɗa kuma ya riƙa cin gefen dajin shekara bayan shekara.

Dokar gandun daji ta 1935, wadda dokar Nijar ta 1974 ta gaji ruhinta, ta sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, har manomi na iya shan tara don ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonarsa. Wannan shi ne babban kuskuren tsarin, domin wanda ya san itace zai jawo masa ma'aikacin gandun daji ba zai bar toho ya girma ba, kuma farin 1973 da na 1984 sun tarar da gonaki tsirara.

Gyara ya zo ta hanya biyu. A gonaki, tun daga 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman Maraɗi suka yaɗa abin da ake kira sassaben zamani, wato a lokacin sharar gona a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga kututturen sabara ko kalgo a bar su, a datse sauran, tunda saiwar tana raye a ƙasa, ta kuma fi dashe jure fari. A daji kuwa, dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke samun yankinsa na daji, a raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi, a ƙayyade yawan itacen da za a fitar a shekara, sannan a bar wa ƙauyen wani kaso na harajin da dillalan birni ke biya.

Hanya ta farko ta fi kama ƙasa, saboda gona tana da mai ita guda ɗaya, alhali daji na manomi ne da makiyayi da mai saran itace, ga murhun birnin Maraɗi da ba ya mutuwa. A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga da ke ratsa iyaka sun sake mayar da wasu sassan dajin wurin da masu itace da makiyaya ke shakkar shiga.