Daga Tekun Atilantika Zuwa Iyakar Jibiya: Tarihin Jayayya Kan Mitocin Sadarwa

A farkon shekarar 2023 abubuwa biyu suka faru kusan a mako guda, kuma dukansu sun shafi mutumin Kusa da maƙwabtansa na ƙaramar hukumar Jibiya, ko da yake ba a tuntuɓe su ba. Na farko, kamfanin Starlink na Elon Musk ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam a Nijeriya, ƙasar farko da ya shiga a Afirka. Na biyu, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, da takwaransa na Nijar, Moussa Baraze, suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar daidaita mitocin sadarwa a bakin iyakar ƙasashen biyu, don kada turken sabis na wannan ɓangare ya riƙa danne na wancan. Ministocin suna ƙoƙarin shata iyaka a cikin iska, a daidai lokacin da wata na'ura ta shigo wadda ba ta buƙatar turke a ƙasa ko kaɗan.

Matsalar da suka zauna a kanta sananniya ce ga duk mai bin hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Kana tsaye a gonarka a Nijeriya, wayarka ta kama sabis ɗin Nijar, a caje ka kuɗin baƙo. Ɗan kasuwa yana riƙe da layi biyu, ɗaya na naira ɗaya na sefa. Layin da Ingila da Faransa suka ja, wanda tawagar Tilho da O'Shee ta kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908, ya raba Katsina da Maraɗi a takarda, bai raba dangi ba, tunda zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi ce ta kafa Maraɗi. Saƙon rediyo ma bai san da wannan layi ba. Sai dai dokokin da ke ƙoƙarin ɗaure shi ba a tudu aka haife su ba. A teku aka haife su, kuma a shekarar nan ta 1906 da aka fara auna iyakarmu.

Kafin wayar iska, jirgin ruwa in ya bar gaɓa ya yanke da duniya har sai ya sauka. Guglielmo Marconi ya fahimci cewa masu jiragen ruwa su ne kasuwarsa ta farko, domin a tudu akwai wayar tangaraho, a teku kuwa ba wurin kafa falwaya. Kamfaninsa bai sayar da na'ura kawai ba: yana ba da hayarta tare da ma'aikacinta, da umarnin kada ya amsa wa jirgin da ke amfani da na'urar wani kamfani. A 1902 Yarima Heinrich, ƙanen sarkin Jamus, yana dawowa daga Amurka a jirgin da ke ɗauke da na'urar Jamus, ya so aika saƙon ban gajiya ga Shugaba Roosevelt, saƙon bai samu shiga ba. Jamus ta ɗauki abin da zafi, ta kira taro a Berlin a 1903, sannan babban taro a 1906. A nan aka amince cewa dole tashar gaɓar teku ta karɓi saƙon kowane jirgi ba tare da duba wane kamfani ya ƙera na'urarsa ba, aka ware mitoci na musamman don jiragen ruwa, aka kuma zaɓi SOS a matsayin kiran neman agaji.

Shekara shida bayan haka Titanic ya nutse, a watan Afrilun 1912. Mutum fiye da 1,500 suka halaka. Kimanin 700 da suka tsira, wayar iska ce ta kira musu jirgin Carpathia. Akwai wani jirgin, Californian, da ya fi kusa, amma ma'aikacin rediyonsa shi kaɗai ne, kuma ya riga ya kwanta. Daga nan dokoki suka tsananta: a riƙa sauraro dare da rana a manyan jirage, kowa ya yi shiru in an ji kiran agaji, kuma kada kowa ya kunna tasha sai da lasisin gwamnati. Wannan asali yana da muhimmanci a wurina, domin ya nuna dalilin da ya sa aka ba gwamnatoci iko da iska tun farko. An ba su ne don wanda ke cikin halaka ya samu a ji shi.

Daga baya rediyon watsa labarai ya zo, sojoji suka zo, jiragen sama suka zo, iska ta cika. Taron Washington na 1927 ya fitar da jadawalin rabon mitoci, wane zango na wane aiki ne. A 1932 aka haɗe harkar rediyo da tsohuwar ƙungiyar tangaraho da aka kafa a Paris a 1865, ita ce ITU ta yau mai mazauni a Geneva, wadda ta zama reshen Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947. Duk dattijon da ya taɓa murɗa rediyo yana neman BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango, mita 16 ko 19, a cikin wannan jadawali yake yawo. Lokacin da aka yi rabon farko, Nijeriya da Nijar suna hannun Turawa. Tsarin kuwa na wanda ya riga yin rajista ne, kamar kasuwa ce da aka gama rabon rumfuna kafin wasu 'yan gari su iso.

Wannan ƙorafi ya fi fitowa fili da zuwan tauraron ɗan'adam. Akwai wata da'ira guda a sama da tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, inda tauraro ke juyawa daidai da juyawar ƙasa, har ya zama kamar a tsaye yake. Gurabenta ƙidayayyu ne. A watan Disambar 1976 wasu ƙasashen da ke ƙarƙashin da'irar, cikinsu har da Kenya, Uganda, Kwango, Zaire, Indonesiya da Kolombiya, suka taru a Bogota suka ce abin da ke saman ƙasarsu nasu ne. Manyan ƙasashe suka yi watsi da maganar, amma ta taimaka wajen sa ITU ta tanadar wa kowace ƙasa wani kaso. Ƙaramar masarautar Tonga kuwa ta bi wata hanyar: a ƙarshen shekarun 1980 ta yi rajistar gurabe 16 alhali ba ta da tauraro ko ɗaya, aka yi ta kai ruwa rana, ta tashi da shida, ta ba da hayarsu.

A nan ma jiragen ruwa ne a gaba. A 1976 Amurka ta harba taurarin Marisat don jiragenta, a 1979 aka kafa Inmarsat bisa shawarar hukumar kula da sufurin teku ta duniya, ta fara aiki a 1982. A lokacin, kiran waya daga teku yana da tsadar gaske, intanet ɗin kuma sai haƙuri. Da jirage suka fara ɗora manyan faranti don samun intanet mai sauri, sai ƙasashen gaɓa suka yi kuka cewa ana kutsa wa layukan sadarwarsu na tudu. Taron ITU na 2003 ya yanke hukunci: a wani zangon, jirgi ba zai kunna farantinsa ba in yana cikin kilomita 300 daga gaɓa sai da yardar ƙasar, a wani zangon kuma kilomita 125. Fasahar teku ita ce daga baya ta sauko hamada. Wayar Thuraya, wadda wani kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya fara sayarwa a 2001, ta zama abokiyar tafiyar direbobin Agadas zuwa Libiya, kuma ba su kaɗai ba.

Nijeriya ta shiga harkar ne ta ƙofar gwamnati. An buɗe tashar tauraron ɗan'adam a Lanlate a 1971, daga baya aka ƙara ta Kujama kusa da Kaduna, amma talaka bai ga waya ba sai bayan gwanjon Janairun 2001, inda hukumar sadarwa ta NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta sayar da lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka biya. Kamfani na uku, CIL, wanda ke da alaƙa da Mike Adenuga, ya rasa nasa bayan ya yi ƙorafin cewa zangon da aka ba shi akwai shari'a a kansa, sai daga baya Adenuga ya dawo da Globacom, wanda ya fara aiki a 2003. Tun daga ranar iska ta zama haja mai tsada. A watan Disambar 2021 MTN da Mafab suka sayi zangon 5G kan dala miliyan 273.6 kowanne. Tauraronmu na sadarwa na farko, NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a 2007, ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011.

Wata uku kafin wancan gwanjo na 5G, mutanen Jibiya sun ga ɗaya fuskar wannan iko. A watan Satumbar 2021, bayan an katse sabis a duk jihar Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta nemi a kashe shi a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, cikinsu akwai Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari. Dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da hanyar neman kuɗin fansa. Ban raina wannan dalili ba, wanda ya ga abin da aka yi wa ƙauyukan yankin ba zai raina shi ba. Amma a duba wanda nauyin ya faɗa wa. Mai POS ya rufe, ɗan kasuwa bai san farashin kasuwar Dawanau ba, mai mace kan gwiwa ba zai kira mota ba, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar sanar da soja. Mutanen bakin iyaka suka koma neman layin Nijar, suna hawa tudu suna ɗaga waya. Su ma waɗanda aka yi abin dominsu sun san wannan hanya, kuma sun fi kowa kuɗin sayen wayar tauraro. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis. Ikon da aka ƙirƙira don a ji kiran mai neman agaji, a waɗannan watanni an yi amfani da shi ta yadda mai neman agajin ne ya rasa murya.

Starlink ya bambanta da magabatansa. Taurarinsa dubbai ne, suna shawagi a nisan kilomita 550 ko makamancin haka, an fara harba su da yawa a 2019. Farantinsa mutum ɗaya zai ɗauka a jaka, batir da faifan sola sun ishe shi. A 2022 kamfanin ya fito da tsarin jiragen ruwa kan dala 5,000 a wata, farashin da ya faɗo ƙasa sosai daga baya, kuma manyan kamfanonin sufurin teku suka rungume shi. A Amurka ya yi doguwar jayayya da kamfanin Dish kan wani zango da Dish ke son mayarwa na wayar salula, hukumar sadarwar ƙasar ta goyi bayan masu tauraro a 2023. A Nijeriya, inda NCC ta ba shi lasisi a 2022, saɓanin kan kuɗi ne: a watan Oktoban 2024 ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar ta ce ba da izininta ba, ya dakatar da ƙarin na wani lokaci.

Abin da ya fi shafar iyakarmu shi ne tazarar da aka samu tsakanin ƙasashen biyu. Nijeriya ta halatta na'urar, Nijar a lokacin ba ta halatta ba, ga kuma juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Hanyoyin da ke ɗaukar shinkafa da fetur ba su gagara ɗaukar ƙaramin kwali ba. Ana sayen faranti a Nijeriya, a yi masa rajista a nan, a tsallaka da shi Maraɗi da Damagaram, daga can ya nausa arewa da yamma. Wasu sun kai wa masu shagon da ke sayar wa matasa intanet na awa, wasu sun kai wuraren haƙar zinariya, masu binciken laifukan ƙetare iyaka kuma sun nuna cewa wasu sun faɗa hannun ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai. Mali ta haramta na'urar a watan Maris na 2024, ta sassauta a watan Oktoba. Nijar ta zaɓi ta jawo kamfanin cikin doka: ta ƙulla yarjejeniya da shi a ƙarshen Oktoban 2024, ya fara aiki a hukumance a watan Maris na 2025. A ganina Nijar ta yi daidai, domin farantin da aka san mai shi ya fi wanda aka shigo da shi a cikin buhu, kuma ƙasa mai faɗin hamada irin nata ba ta da ranar da turke zai kai kowane ƙauye.

Sai dai lasisi bai warware ainihin tambayar ba. Turken sabis yana kan ƙasarka, gwamna zai iya sa a kashe shi, kotu za ta iya sa a kunna. Makunnin tauraro yana hannun kamfani a Amurka. Iran ta kai ƙarar wannan batu gaban kwamitin dokokin rediyo na ITU a 2023, tana cewa ana amfani da Starlink a ƙasarta ba da izininta ba, kwamitin ya ba ta gaskiya bisa tsohuwar ƙa'idar nan cewa babu tasha sai da lasisin gwamnati, amma ba shi da ƙarfin tilasta wa kowa. Taron ITU da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023 ya ɗage maganar zuwa babban taro na 2027, inda za a tattauna yadda za a hana faranti aiki a ƙasar da ba ta ba shi izini ba. Nijeriya da Nijar kowace tana da ƙuri'a ɗaya a wurin, daidai da ta Amurka. Wakilan ƙasashe da yawa za su je ne da buƙatar a ba gwamnati ikon kashewa. Ina fatan namu su je da buƙata ta biyu tare da ita, wadda watannin 2021 suka koya wa Jibiya: duk inda aka kashe sabis don tsaro, a bar wa asibiti, hakimi da mai unguwa wata hanya ta kiran taimako, kuma a faɗi ranar da za a kunna.