Daga Lofe zuwa Lagwani: Tarihin Sigarin Lantarki Mai Ɗigo da Doguwar Hanyar Taba zuwa Kano

A ƙaramar hukumar Tarauni akwai wurare biyu da tazararsu ba ta da yawa. Ɗaya ita ce kasuwar waya ta Farm Centre, inda kayan lantarkin ƙasar Sin da batura ke sauka kullum. Ɗayan kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne da ke kan titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi, wanda aka kafa a 1988, inda masu ciwon huhu da na zuciya ke neman magani. Sigarin lantarki ya shafi wuraren biyu: a ƙira ɗan uwan wayar hannu ne, a tasiri kuma ɗan gidan taba. Cikin ire-irensa akwai wanda mai shi ke haɗawa da hannunsa, yana naɗa waya, yana zura auduga, yana ɗiga ruwa, wanda masu harkar ke kira RDA. Tarihin wannan ƙaramin kaya ya fi fitowa fili idan aka ɗora shi a kan tarihin taba a ƙasar Hausa.

Lokacin da taba ke hannun mai shanta

Asalin taba nahiyar Amurka ne, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta riga ta iso Afirka ta Yamma. Da isowarta malamai suka shiga muhawara kan hukuncinta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda aka kai Marrakesh a tsare bayan mamayar Maroko ta 1591, ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta, wasu malaman zamaninsa kuma suka haramta. Tun ranar da ta shigo ke nan ake jayayya a kanta.

A ƙasar Hausa taba ta zama amfanin gona. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ga mutane suna sa garin taba da kanwa a baki, ya kuma ga ana rina haƙora da furenta. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ambaci darajar tabar Katsina a wajen fatake. A wancan zamani mai taba ya san abin da yake sha. Ya san gonar da aka shuka ta, ya ga shanyarta da dakanta, shi ke auna kanwar da zai haɗa, shi ke cusa ganye a lofe. Duk da wannan sabo, Bahaushe bai ɗauke ta abinci ba, shi ya sa ya ce taba ta bambanta da garin gero.

Zamanin kamfani

Sigarin kwali ya raba mashayi da wannan sani. Kamfanin BAT ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, daga baya kamfanin taba na Nijeriya, NTC, ya buɗe ta Zariya a 1959. Manomi ya koma mai sayar wa kamfani ganye, mashayi kuma mai sayen kara a teburin bakin titi, yana neman mai zobe ko mai basukur, bai san abin da aka zuba a ciki ba.

Doka ta biyo baya a hankali. A 1990 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005. A 2007 gwamnatin Kano ta shiga sahun jihohin da suka maka manyan kamfanonin taba a kotu suna neman diyyar kuɗin jinyar masu cutar taba. A 2015 aka sa hannu kan dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda ta hana sayarwa ga ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da kara ɗaiɗai. A 2021 hukumomin Kano suka sanar da haramta shisha a wuraren shaƙatawa. Kowane mataki ya zo ne bayan ɗabi'ar ta riga ta kafu.

Haihuwar tururi

Tunanin sigari marar wuta tsoho ne. Wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya nemi rajistar irin wannan ƙira a 1963, amma ba ta shiga kasuwa ba. Wanda ya yi nasara shi ne Hon Lik, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mashayin taba wanda kansar huhu ta yi ajalin mahaifinsa. Ya yi rajistar ƙirarsa a 2003, aka fara sayar da ita a Sin a 2004 da sunan Ruyan, ta isa Turai da Amurka wajen 2006 zuwa 2007.

Na farkon sun yi kama da karan sigari, batirinsu ba ya jimawa, tururinsu kaɗan ne. Masu amfani da su a Ingila da Jamus da Amurka suka fara taɓa su da kansu. Wasu suka sauya kwangirin tocila ya zama gidan babban batir. Wasu suka cire ma'ajin ruwan suna ɗiga shi kai tsaye a kan wayar da ke zafi, don ɗanɗano ya fi fitowa. Daga nan, a farkon shekarun 2010, aka samu kan ɗigo wanda ake kwancewa a sake haɗawa. Masana'antun birnin Shenzhen suka karɓi ƙirar suka yawaita ta, farashinta ya sauko.

Wanda ya san fitilar ƙwai zai gane aikinsa nan take. Akwai ɗan faranti na ƙarfe mai ginshiƙai inda ake ɗaure waya da sukurori. Wayar, wadda galibi Kanthal ce, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, ana naɗa ta a jikin siririn ƙarfe har ta zama kamar sifirin. Ana zura auduga ta cikinta a matsayin lagwani, a jiƙa da ruwan da aka haɗa da gilisarin da sinadarin firofilin gilaikol da kayan ƙamshi, yawanci da nikotin. Idan lantarki ya bi wayar sai ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Bayan zuƙa kaɗan audugar ta bushe, sai an sake ɗigawa.

A nan tarihi ya yi wata 'yar kewaya. Bayan shekaru masu yawa na sigarin kwali, mashayi ya sake zama mai haɗa kayansa, kamar mai lofe. Amma haɗin bai kai na da ba: waya da auduga ne kawai a hannunsa. Ruwan da batirin daga masana'antar da bai taɓa gani ba suke.

Lissafin da ba ya yafiya

Mai fara wannan harka yana cin karo da dokar Ohm tun ranar farko. Batirin da aka fi amfani da shi, 18650, yana da bolt 4.2 idan ya cika. Ƙarfin lantarkin da zai fita shi ne bolt ɗin a raba da turjiyar wayar. Naɗi mai om 1 yana jan amfiya 4.2. Mai om 0.2 yana jan amfiya 21. Mai om 0.1 yana jan 42, alhali ingantattun batura irin wannan ba su cika wuce amfiya 30 ba. Ƙaramin bambanci a kaurin waya ko yawan naɗi shi ne tazarar da ke tsakanin tururi da gobara, musamman a kwangirin da ba shi da na'urar kariya. Irin wannan fashewa ta kashe wani mutum a jihar Fulorida a 2018, ta kashe wani a Tekzas a 2019. A gari kamar Kano, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma jabun batir ba baƙon abu ba ne, batirin da ledarsa ta yage, aka jefa shi aljihu ɗaya da makullai, hatsari ne babba.

Lagwanin ma yana da nasa. Idan audugar ta bushe wayar na ci gaba da zafi, ruwan yakan rikiɗe ya fitar da sinadarai masu guba kamar fomaldihaid. Ruwan kuwa sai abin da mai haɗa shi ya ga dama. A 2019 cutar huhu ta ɓarke a Amurka, kuma zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, an rasa 68. Bincike ya danganta ta da wani nau'in man bitamin E da aka gauraya a haramtattun ruwan wiwi. Ba ruwan nikotin na kanti ba ne ya jawo ta, amma ta nuna abin da ke faruwa idan huhu ya karɓi abin da babu mai duba shi.

Inda aka kwana

Zamanin masu naɗa waya bai daɗe ba. A 2015 Juul ta fito da ƙaramin kaya mai gishirin nikotin, wanda ke shiga maƙogwaro ba kaushi ko da ƙarfinsa ya yi yawa. Bayanta sai na sha-ka-yar masu ɗanɗanon mangwaro da kankana suka cika kasuwa, ba sa buƙatar lissafi ko sukundireba. Kan ɗigo ya koma hannun 'yan tsirarun masu sha'awa.

Ƙasashe sun rabu. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa illar sigarin lantarki ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100, ƙiyasin da masana da dama suka soka. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019. Birtaniyar da ke ƙarfafa wa mashaya gwiwar komawa kansa ta haramta na sha-ka-yar daga 1 ga Yuni, 2025, saboda yara da muhalli. Ana iya taƙaita matsayin da yawancin likitoci suka tsaya a kai: ga wanda ya daɗe yana shan sigari, komawa tururi gaba ɗaya ya fi sauƙin illa, ga wanda bai taɓa sha ba, sabuwar ƙofa ce ta kamuwa da nikotin.

Dokar Nijeriya ta 2015 an gina ta ne a kan ganyen taba da hayaƙinsa, tun kafin na sha-ka-yar su bazu. Tambayoyin da suka rage na aiki ne: wa ke gwada ruwan da ke shigowa, wa ke tantance batirin, wa ke duba shekarun mai saye? Tsakanin masana'antar Zariya da dokar farko an yi shekara 31. Yaran da ke makarantun Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi a yau za su zama iyaye kafin irin wannan jira ya ƙare.