Yadda aka koyi gano ɓarnar cikin taransifoma

Abin da ya daɗe yana ci wa injiniyoyin kariya tuwo a ƙwarya, wato masu tsara na'urorin da ke katse wuta idan an sami matsala, shi ne ɓarnar da ke farawa cikin naɗin wayar taransifoma, yayin da takardar da ke raba zagaye ɗaya da maƙwabcinsa ta ƙone har wayoyin suka haɗu. Wuta mai tsananin yawa ce ke gudana cikin zagayen da suka haɗu, amma daga waje, inda ake aunawa, canjin bai taka kara ya karya ba.

Dabarar da Merz da Price suka ƙirƙira a Ingila a 1904 ita ce kwatanta wutar da ke shiga da wadda ke fita, a katse idan sun saɓa. Sai dai lafiyayyar taransifoma ma takan zuƙi wuta mai yawa lokacin da aka kunna ta, don haka dole aka rage wa na'urar saurin zargi, ƙaramar ɓarna kuwa ta sami wurin ɓuya. Max Buchholz na Jamus ya bi ta wata hanya a 1921: tunda zafi yana sa man taransifoma ya saki gas, sai ya sanya na'ura a bututun da ke tsakanin babban tanki da tankin ajiyar mai, domin ta tara gas ɗin ta yi gargaɗi. Daga baya aka koma auna gas ɗin da ya narke cikin man, inda asitilin ke nuna tartsatsin wuta, etilin kuma zafi mai tsanani, kuma a 1974 Michel Duval na kamfanin Hydro-Québec ya fito da zanen nan mai kusurwa uku da ake karanta sakamakon da shi har yau.

Babban cikas shi ne ba wanda zai ƙona taransifoma mai tsada don ya gwada na'urar kariya, saboda haka aka koma ga kwaikwayon ɓarnar a kwamfuta, da manhajar EMTP wadda Hermann Dommel ya aza harsashinta a ƙarshen shekarun 1960. A 1994 Bastard da Bertrand da Meunier a Faransa suka nuna yadda za a tsaga naɗin waya a lissafi, gida biyu idan ya taɓa ƙasa, gida uku idan zagaye ya haɗu da zagaye. Aiki ne da ya cancanci yabo, amma waɗanda suka yi amfani da shi sun san ingancinsa ya rataya ga sanin yawan maganaɗisun da ke zurarewa tsakanin sassan da aka tsaga, abin da ba ya fitowa sai da ma'aunin naɗin kansa, wanda galibi yana hannun kamfanin da ya ƙera taransifomar.