Matthew Hassan Kukah, bishop ɗin Sakkwato

Matthew Hassan Kukah shi ne bishop na ɗarikar Katolika a Sakkwato tun shekarar 2011, kuma yana cikin Kiristocin arewacin Najeriya da suka fi yin rubutu a kan dangantakar addini da mulki. Daga Birnin Ƙonni zuwa birnin da yake zaune tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, in aka bi ta Illela ta Najeriya.

An haife shi ranar 31 ga Agusta 1952 a Anchuna, cikin ƙasar Zangon Katab da ke kudancin jihar Kaduna. Ya karanta falsafa da ilimin tauhidi a babbar makarantar horar da limaman coci ta Saint Augustine a Jos, aka naɗa shi fada a Disamba 1976. Ya ƙaro karatu a Ingila: nazarin zaman lafiya a jami'ar Bradford, sannan digirin dakta a makarantar SOAS ta Landan a 1990.

Daga wannan bincike ne littafinsa Religion, Politics and Power in Northern Nigeria ya fito a 1993. A cikinsa Kukah ya bi sawun yadda masu mulkin Arewa, tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello, suka riƙa jingina da addini don riƙe iko. Ya duba muhawarar shari'a ta 1977 da 1978, da shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, da rikicin Kafanchan na 1987. A ganinsa, yawancin abin da ake kira faɗan addini kokawa ce a kan kujera da dukiya, an sa mata rigar addini saboda ita ce ke saurin tara jama'a. Masu sukarsa cikin malamai da ƴan bokon Musulmi sun ce ya ɗora laifin a gefe guda.

Bai tsaya ga alƙalami ba. Ya kasance mamba a kwamitin mai shari'a Chukwudifu Oputa, wanda aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin jama'a a zamanin mulkin soja, aikin da ya ba da labarinsa a littafin Witness to Justice. Yana kuma cikin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, mai sa ƴan takara su rattaba hannu kan yarjejeniyar kauce wa tashin hankali tun zaɓen 2015.

Zamansa a birnin Shehu bai rasa tangarɗa ba. A saƙonsa na Kirsimeti a 2020 ya zargi gwamnatin Muhammadu Buhari da fifita nata wajen rabon muƙamai, har wata ƙungiyar Musulmi ta Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar. Bai bar ta ba. A watan Mayu 2022, bayan kashe ɗaliba Deborah Samuel a kwalejin Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci, masu zanga-zanga sun farfasa tagogin babbar majami'arsa. Kukah ya yi Allah wadai da kisan, ya ce a hukunta shi a matsayin laifi, ya kuma roƙi Kiristocin garin su kwantar da hankalinsu.