Architects: Ƙungiyar Da Tagwaye Suka Kafa, Ɗaya Ya Rage

Idan aka kunna mana waƙar metalcore karon farko, da yawanmu za mu ce ihu ne kawai da hayaniyar ƙarafa. Amma salo ne mai tarihi da ƙa'idojinsa. Ya tsiro ne a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin da matasa suka haɗa nauyin kiɗan heavy metal da zafin kiɗan hardcore punk. Ana gane shi da jita mai lantarki, da ganguna masu gudu, da mawaƙin da yake ihu daga maƙogwaro sannan ya koma rerawa cikin taushi. Akwai kuma gaɓar da ake rage gudun kiɗan a ƙara masa nauyi, inda 'yan kallo suke barkewa da tsalle. Cikin ƙungiyoyin da suka yi suna da wannan salo a Birtaniya, tarihin Architects ne ya fi taɓa zuciya.

A shekarar 2004 wasu tagwaye, Dan Searle da Tom Searle, suka kafa ƙungiyar a Brighton, garin da yake bakin teku a kudancin Ingila. Ba su kai shekara 20 ba a lokacin. Dan ne mai ganga, Tom kuma mai jita, kuma shi ne yake tsara yawancin kiɗan. Faifansu na farko, Nightmares, ya fito a 2006. Da mawaƙinsu na farko ya tafi, sai Sam Carter ya shigo a 2007, muryarsa kuma ita ce ta zama tambarin ƙungiyar har yau. Faifan Hollow Crown na 2009 ya sa aka fara sanin su a wajen Ingila.

A 2011 suka saki The Here and Now, inda suka sassauta kiɗan, suka yawaita rerawa. Tsofaffin masoyansu da dama suka juya musu baya, su kansu daga baya suka nuna ba su gamsu da aikin ba. Suka komo kan nauyinsu da Daybreaker a 2012, suka kuma karkata ga batutuwan da suka dame su: zaluncin masu mulki, haɗamar masu kuɗi, da lalata muhalli. 'Yan ƙungiyar sun daina cin nama da duk abin da ya fito daga dabba, suna kuma goyon bayan Sea Shepherd, ƙungiyar da take kare halittun teku.

Ana cikin wannan ɗaukaka ciwon daji na fata ya kama Tom. Shekara uku yana fama da shi, bai kuma shelanta wa duniya halin da yake ciki ba. Ya ci gaba da rubutu. A Mayun 2016 faifansu na bakwai ya fito, waƙar ƙarshe a ciki kuma sunanta Memento Mori, wato tunatarwa da harshen Latin cewa kowa zai mutu. Ranar 20 ga Agustan 2016 Tom ya rasu yana da shekara 28. Sai a lokacin masu saurare suka fahimci cewa mutumin da ya san kwanansa ya kusa ne ya rubuta waɗancan baitoci.

Daga nan ƙungiyar ta shiga tsaka mai wuya. Wanda ya tafi shi ne ginshiƙin kiɗan, kuma ɗan'uwan mai ganga ne, ciki ɗaya rana ɗaya. Sun zaɓi su ci gaba. Josh Middleton na ƙungiyar Sylosis, wanda abokin Tom ne, ya karɓi jita, Dan kuma ya ɗauki nauyin rubuta baitoci. A Satumban 2017 suka saki Doomsday, waƙar da Tom ya fara bai ƙarasa ba. Faifan Holy Hell na 2018 kusan gaba ɗayansa makoki ne, kuma a Janairun 2019 suka yi wasa a babban zauren Wembley da yake Landan. A 2021 faifan For Those That Wish to Exist ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan Birtaniya, abin da ba su taɓa samu ba Tom yana raye.

Nasarar ba ta kashe gardama ba. Sabbin waƙoƙin sun fi sauƙin bi, sun fi yawan sautin na'ura, wasu masoya kuma suna cewa ƙungiyar ta bar hanyar Tom. Mu dai muna ganin neman Dan ya dawwama yana kwaikwayon ɗan'uwansa da ya rasu rashin adalci ne, domin Tom ɗin ma sau da yawa ya sauya salo. Middleton ya bar su a 2023, sun kuma fitar da faifai na 11, The Sky, the Earth & All Between, a 2025, Dan yana nan a bayan gangunansa.