Gilashin Ɗori: Yadda Aka Yi Ta Ƙara Wa Kyamara Ido

 Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Kwanan nan samari da 'yammata sun koma farautar tsofaffin ƙananan kyamarori, irin waɗanda yayyenmu ke zuwa biki da su wajen 2005. TikTok ne ya dawo da yayinsu. Kuma tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: na sayi kyamarar da ba a cire mata gilashi, shin in sayi ɗan gilashin nan da ake ɗora mata a gaba don ta zuƙo nesa ko ta ɗauko fili mai faɗi? Amsar tana cikin tarihin abin, don haka bari mu bi shi.

Dabarar ta girmi kyamarar dijital. Asalinta madubin hangen nesa ne irin wanda Galileo ya haɗa a 1609: gilashi mai tudu a gaba, mai kwari a baya. Ka leƙa ta daidai, abu ya matso. Ka juya shi, komai ya ƙanƙance, fili ya buɗe. Ɗan ramin leƙen da ke jikin ƙofar ɗakin otal, wanda ke nuna maka baranda gaba ɗaya, juyayyen ne. To, gilashin ɗori ke nan, ba wani siddabaru. Tun zamanin fim, a shekarun 1960, kamfanin Zeiss na Jamus ya yi wa kyamarar Rolleiflex irinsa guda biyu da ake kira Mutar, ɗaya 0.7x, ɗaya 1.5x.

Amma kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai ƙarshen shekarun 1990, kuma dalilin kuɗi ne. Lokacin da Nikon ya fito da D1 a 1999, kyamarar dijital da ake canja wa gilashi, farashinta ya haura dala 5,000. Wane ɗalibi, wane ƙaramin ɗan jarida? Sai mutane suka rungumi masu gilashi a manne, irin Coolpix 950 ta 1999 da 990 ta 2000. Gilashinsu na kamawa daga milimita 38 zuwa 115 a ma'aunin fim. Ku riƙe wannan: idan lambar ta yi ƙasa, fili ya fi faɗi, idan ta yi sama, nesa ta fi matsowa. Milimita 38 ba ta isa ka ɗauki ɗaki guda daga ciki ba, sai ka manna bayanka da bango kuma duk da haka rabin mutane na waje. Ita kuma 115 ba ta kawo maka fuskar mai jawabi daga bayan taro.

Sai Nikon ya yi wa bakin gilashin haƙoran murɗawa masu faɗin milimita 28, kamar na murfin kwalba, ya jero kayan ɗori. WC-E63 na ninka lamba da 0.63, wato 38 ta koma 24. TC-E2 na ninkawa biyu, 115 ta zama 230. TC-E3ED sau uku, 345. Lissafin firamare ne, kuma har gobe shi ne lissafin. Canon ya bi sahu da PowerShot G1 a 2000, sai dai shi sai ka fara ɗaura wani bututu a jikin kyamarar sannan ka murɗa gilashin a kansa. Olympus da wani kamfanin Japan mai suna Raynox su ma sun ci kasuwar nan.

Akwai wani labari a gefe da nake so. A 1999 wani mai sha'awar kallon tsuntsaye a Malesiya, Laurence Poh, ya kara Coolpix ɗinsa a bakin madubin da yake hango tsuntsaye da shi, sai ga hoto ya fito tar. Daga nan abin ya bazu a duniya, kamfanoni suka koma ƙera maɗauri na musamman dominsa. Mai amfani ne ya gano, kamfani ya biyo baya.

Yanzu ga inda waɗancan mutanen suka sha wuya, kuma nan nake so masu shirin saye su kasa kunne.

Gilashin zuƙowa ba ya aiki sai ka kai zuƙon kyamarar ƙarshe ko kusa da ƙarshe. Da ka ja baya kaɗan, kusurwoyin hoton za su yi duhu, wani lokacin ma ka ga kamar ta cikin rijiya kake leƙe. Ke nan ranar da ka ɗora shi, zuƙon kyamararka ya kusan zama lamba guda. Na faɗaɗawa kuma yana lanƙwasa layuka: bango miƙaƙƙe ya yi ciki kamar randa, wanda ke tsaye a gefen hoto ya yi faɗi kamar an danne shi. Sannan girman gilashin na tare filasha, inuwa ta faɗo a ƙasan hoton, ya kuma toshe ramin leƙe, dole sai da allo. Alherinsa guda babba shi ne, mai kyau daga ciki ba ya cinye haske kamar irin wanda ake sawa a bayan gilashin manyan kyamarori, inda mai ninki biyu ke barin ka da kashi ɗaya cikin huɗu na hasken. Sai dai duk da haka, da ka ninka nisa ka ninka rawar hannu. Ba abin ɗorawa mai ƙafa uku, hoton zai fito dishi-dishi.

Abu na ƙarshe, kuma a ganina shi ya fi komai: waɗanda suka yi kyau, an ƙera su ne don takamaiman gilashi ɗaya. Shi ya sa suke da nauyi da tsada. Masu arhar da ake rubuta wa manyan lambobi a kwali, a ce suna shiga kowace kyamara, tsakiyar hoton kawai suke gyarawa, gefe ya dagule da wani shuɗi-shuɗi a bakin abubuwa. Ni dai duk abin da aka ce min ya dace da kowa, nakan ɗauka ba a auna shi da kowa ba.

Me ya kashe kasuwar? A 2003 Canon ya saki EOS 300D a ƙasa da dala 1,000 har da gilashinta. A ɗaya ɓangaren kuma aka fara cusa dogon zuƙo a cikin kyamarar kanta, har Nikon P900 ta 2015 ta kai ninki 83, daga 24 zuwa 2,000. Wa zai ƙara ɗaukar jakar gilasai? Sannan waya ta zo ta share fagen: a 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, zuwa 2023 ba su kai miliyan 8 ba.

Abin dariyar, wayar ma sai da ta maimaita labarin. A 2011 Olloclip ya fito da gilashin maƙalawa na iPhone 4, kasuwannin waya suka cika da kwaikwayonsa. A 2016 LG G5 ta zo da ido na biyu mai faɗi, iPhone 7 Plus ta zo da na zuƙowa, ɗorin ya sake rasa aiki.

Mu da muke ɗaukar hoton taro, ko ajin da ya cika, ko layin asibiti don mu kafa hujja, akwai abin lura a nan. A Afrilun 2020, lokacin korona, masu ɗaukar hoto biyu a Kofenhagen ta ƙasar Denmak sun ɗauki wurare iri ɗaya a lokaci guda, ɗaya daga nesa da gilashin zuƙowa, ɗaya daga kusa da mai faɗi. A hoton farko mutane kamar sun cunkushe kafaɗa da kafaɗa. A na biyu ga tazara nan a tsakaninsu. Babu wanda ya taɓa hoton da kwamfuta. Ɗauka daga nesa na matse tazara, mai faɗi daga kusa na baje ta. Don haka idan hujja kake nema, ɗauki duka biyun, ka kuma faɗi inda ka tsaya.

Ga mai tsohuwar kyamara a hannu: fara duba ko tana da haƙoran murɗawa ko wurin ɗaura bututu, don yawancin 'yan ƙananan na aljihu ba su da shi sam. In tana da shi, nemi lambar gilashin da kamfaninta ya yi mata, ka gwada a gaban mai kaya, ka buɗe hoton ka duba kusurwoyi huɗun. In kuɗin ɗaya gare ka, ni na faɗaɗawa zan ce ka ɗauka. Nesa kana iya takawa ka matsa, ko ka yanke hoton daga baya, amma bangon ɗaki ba ya matsa maka.

Kuma dabarar ba ta mutu ba. Fujifilm X100 da ta fito a 2011 da gilashi guda manne, daidai da milimita 35, har yau ana sayar mata da ɗori biyu: 0.8x mai mayar da ita 28, da 1.4x mai kai ta 50. X100VI ta 2024, wadda aka yi ta layi a kanta da ta fito, su take ɗauka.

Ku turo min sunayen kyamarorin da kuka samo, mako mai zuwa mu duba waɗanda ke karɓar ɗori.