Kwalejin Katsina: Ta 'Ya'yan Sarakuna Ce Ko Ta Malamai?

Wani ɗalibi ɗan Kurfi da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ya aiko mana da tambaya. Ya ce gardama ta kaure tsakaninsa da abokansa a kan makarantar da ta yaye mutumin da aka sa wa kwalejinsu sunansa. Wasu sun dage cewa tsohuwar Kwalejin Katsina ta 'ya'yan sarakuna ce zalla, ɗan talaka ko ƙofarta bai isa ya leƙa ba. Wannan gardama ta girme su nesa ba kusa ba, don haka ta cancanci a zauna a warware ta.

An fara karatu a kwalejin a shekarar 1921, sannan Gwamnan Nijeriya Sir Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Shi ya sa za ka ji wasu na lissafi daga 1921, wasu daga 1922, kuma kowa da gaskiyarsa. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara, aikin maginan gari. Zaɓen Katsina kuwa bai zo da mamaki ba, domin birnin da ke da hasumiyar Gobarau ya daɗe da yin suna a karatu tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa.

Masu cewa makarantar 'ya'yan sarakuna ce suna da hujja mai nauyi. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya nuna a littafin tarihin rayuwarsa cewa a ganinsa Clifford ya ɗauko tunanin ne daga kwalejojin da Turawa suka gina wa 'ya'yan sarakunan Indiya. Irin waɗannan makarantu kuwa sanannu ne: Kwalejin Rajkumar ta Rajkot da aka buɗe a 1870, da Kwalejin Mayo ta Ajmer a 1875, wadda babban gininta na farin dutse har yau abin kallo ne. Can ma, kamar a Katsina, an haɗa karatun Ingilishi da wasan kurket da horon ladabi. Ga shi kuma ta hannun En'e ake turo yara, inda na kusa da fada suka fi samun dama.

Sai dai idan aka duba aikin da aka ɗora wa makarantar da mutanen da ta fitar, maganar sai ta sauya. An kafa ta ne don horar da malaman da za su koma lardunansu su koyar. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zauna a can daga 1928 zuwa 1933, ba ɗan sarki ba ne, kuma da ya gama Bauchi ya koma ya kama alli. Abubakar Imam daga gidan malamai na Kagara ya fito. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a kwalejin. Shi kansa Sardauna da aikin koyarwa ya fara a Sakkwato. Sa'adu Zungur, wanda daga baya ya zame wa masu mulki ƙarfen ƙafa da alƙalaminsa, nan ya ratsa.

A wurina wannan ɓangare ya fi rinjaye. Kwalejojin Indiya an yi su ne don wanda zai gaji karaga. Ta Katsina kuwa ɗan sarki da ɗan malam da ɗan bara duk aji ɗaya ta tura su. Ƙofarta ta yi ƙunci, gaskiya ne, kuma ƙarancin gurabenta na cikin abin da ya bar Arewa a baya. Amma wanda ya samu shiga, malami aka so ya fito.

A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 Zariya, a 1971 ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na Katsina yanzu gidan tarihi ne na ƙasa. Ɗalibinta Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya riƙe muƙamin Ministan Ilimi na Jihar Arewa har zuwa 1966.

To, ɗana, ga amsar da za ka kai wa abokanka: kwalejinku ta horar da malamai ce, kuma sunan da ke ƙofarta na ɗalibin makarantar malamai ne, saboda haka ku ne magadanta na kusa. Hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina ta garinku take bi. Ku roƙi malamanku su kai ku ku shiga ɗakunan nan, ku ga kaurin bango da shimfiɗar azara da idonku. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, kuma ba a damuwa da gyaran gidan da ba a ziyarta.